Mai Awo da Mudunsa: Wa Zai Auna Maka Radon?

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar hatsi ya san ba farashi kaɗai ake dubawa ba. Ana duba mudun, ko an bubbuga gindinsa ya shige ciki, ana kuma lura da hannun mai awo. Shi ya sa uwargida take riƙe mai awonta, ko an yi mata rahusa a rumfar gaba ba ta zuwa. Awon radon a gida haka yake, har ma ya fi tsanani. In an tauye maka mudu, kana iya sake aunawa in ka koma gida. Radon kuwa ba shi da launi, ba shi da wari, abin da mai awo ya faɗa maka shi ne kawai a hannunka.

Iska ce da ke fitowa daga yuraniyom ɗin da ke cikin ƙasa da duwatsu, ta biyo tsagar daɓe da gefen bututu ta taru a ɗaki. Bayan taba sigari, ita ce kan gaba wajen haddasa kansar huhu, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 21,000 a shekara a ƙasar. Amurkawa sun farga ne a 1984, lokacin da wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick, a jihar Pennsylvania, ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar bincike. Da aka bi diddigi, ashe daga gidansa yake kwaso abin.

To, wa za ka kira? Tun 1998 EPA ta daina tantance masu awo da kanta. Ƙungiyoyi biyu ne ke ba da takardar shaida, NRPP da NRSB, wasu jihohi kuma irin su Illinois da Florida suna da nasu lasisin. Ka nemi lambar shaidar mai awon, ka duba da kanka ko tana aiki. Sannan ka tambaye shi yaushe rabon da a daidaita na'urarsa, domin kowace shekara ya kamata a yi. Mutumin kirki ma yana iya riƙe lanƙwasasshen mudu bai sani ba.

Hannun mai awo shi ne abin da ya fi damuna. Ƙwararre zai sa a rufe tagogi da ƙofofi awa 12 kafin ya fara, ya ajiye na'urar a ɗakin zama mafi kusa da ƙasa, ba a kicin ko banɗaki ba, ya ɗaga ta daga daɓe kamar rabin mita, ya bar ta aƙalla awa 48. Wanda ya shigo ya kewaya minti goma ya ce gida lafiya lau, kuɗinka kawai ya ci. A cinikin gida abin ya fi muni, don mai sayarwa yana iya buɗe taga da dare lamba ta sauka. Saboda haka masu awo nagari ke amfani da na'urar da ke rubuta sakamako awa bayan awa, wadda za ta nuna in an yi wasa da ita. Ni a ganina, wanda zai sayar maka da gyara kada ya zama shi kaɗai ne zai gaya maka kana buƙatarsa.

In awo ya kai pikokuri 4 (ma'aunin radon ke nan) a kowace litar iska, EPA ta ce a gyara gidan. Yawanci bututu ake sakawa ƙarƙashin daɓe, da fanka mai zuƙo iskar ta fitar da ita ta saman rufi. Bayan an gama a sake aunawa. Kuma tunda radon yana hawa yana sauka da yanayi, wanda ba ya gaggawar ciniki gara ya bar na'urar ta haura kwana 90.