Ba Hadari Ba Girgije, Amma Matafiyi Ya Kwana A Jiƙe

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu mutane da ke da wata al'ada wadda mai karatu zai yi mamakinta. Mutum ɗaya tak zai goya jaka, ya shiga dawa da duwatsu, ya yi wata da watanni yana tafiyar ƙasa, duk inda dare ya yi masa nan ne gida. Daga cikin hanyoyin da su ke bi akwai ta duwatsun Afalashiya a gabashin Amurka, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, wadda ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Men. Wanda ya yi niyyar gama ta a tashi ɗaya ya kan yi wata biyar zuwa bakwai.

Mai irin wannan tafiya ba shi da jaki ba shi da ɗan dako, sabo da haka ko allura ce sai ya auna nauyinta kafin ya jefa a jaka. A 1955 wata dattijuwa mai shekara 67, Emma Gatewood, ta gama hanyar nan ita kaɗai, abin da ta ke fakewa da shi daga ruwa kuwa labulen leda ne na ɗakin wanka. A 1992 wani matafiyi, Ray Jardine, ya wallafa littafi yana kiran jama'a su rage kaya, su wadatu da ɗan tamfol. Yau ana ɗinka tanti mai bango ɗaya wanda bai kai rabin kilo ba, alhali mai bango biyu ya kan kai kilo guda ko ya fi. Amma kowane allazi da nasa amanu.

Ruwan daga ina?

Abin da ya kan faru shi ne, matafiyi zai kwanta sama garau, taurari tar. Da asuba sai ya ji ɗigo a goshi. Ya kai hannu jikin tanti, sai ya tarar ya jiƙe sharkaf ta ciki. Ba yoyo ba ne, raɓa ce, kuma kaso mai yawa daga jikinsa ta fito.

Duk wanda ya taɓa ɗaga marfin tukunya, ko ya ga kwalbar lemo mai sanyi tana gumi, ya san asalin al'amarin. Iska tana ɗauke da tururin ruwa, amma gwargwadon ɗuminta gwargwadon abin da za ta iya riƙewa. Iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska tana riƙe giram 17 idan zafi ya kai digiri 20. In ya sauko 10 sai giram 9, in ya kai sifiri ko 5 ba za ta riƙe ba. Rarar kuwa sai ta koma ruwa a jikin duk abin da ya fi sanyi a wurin.

Mai barci kuwa, tsakanin numfashi da abin da ke fita ta fatarsa, ya kan fitar da kusan rubu'in lita kafin gari ya waye. Iskar ɗan tantinsa ba za ta ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. In aka haɗa da danshin ƙasa da jiƙaƙƙun safa, to, lissafi ya cika. Abin mamaki kuma, daren da sama ta ke tas ba iska ya fi muni, domin yadin tantin yana sakin ɗuminsa zuwa sararin sama har ya fi iskar waje sanyi.

Shi ma tanti mai bango biyu yana yin raɓa, sai dai tana taruwa ne a rufin waje, ɗakin ciki na raga ya tsare mai barci. A mai bango ɗaya babu shamaki. Da ya motsa sai jakar barcinsa ta shafo ruwa, in kuma iska ta kaɗa ko ruwan sama ya daki rufin, sai raɓar ta yi masa yayyafi.

Ba jiƙa kaɗai ba ce

Yawancin jakunkunan barcin nan da lallausan gashin dinya ko na agwagwa a ke cika su, kuma da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina riƙe ɗumi. Kwana ɗaya ba kome, amma in aka jera kwanaki ba rana, sai jaka ta yi ta ƙara nauyi tana rage amfani. A 1911 wasu Turawan Birtaniya uku na ayarin Kyaftin Scott sun yi tafiyar mako biyar cikin hunturun Antatika, kafin su dawo jakar barcin ɗayansu ta ninka nauyinta fiye da sau biyu, sabo da gumi da numfashin da su ka daskare a ciki. Likitoci sun ce idan zafin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35 mutum ya shiga haɗari, ga shi kuwa mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai lura hankalinsa ya soma gushewa.

Masu saƙa sun yi iya ƙoƙarinsu. A 1976 aka fara ɗinka tanti da yadin Gore-Tex, mai hana ruwa shiga amma ya bar tururi ya fita. Ya taimaka, ko da ya ke bai kashe maganar ba. Yadin Dyneema kuwa, wanda aka fara yi domin filafilan jiragen ruwa na tsere, ba ya shan ruwa ba ya saki, amma tururi ba ya ratsa shi ko kaɗan.

Abin da gogaggu ke yi

Maganin farko shi ne zaɓen makwanci. Gogaggen matafiyi ba ya kafa tanti a bakin rafi ko cikin kwari, domin iska mai sanyi da danshi can ta ke gangarawa ta kwanta. Ya kan hau ɗan tudu, ya nemi ƙarƙashin itatuwa masu rai, inda ganye ke tsare tanti daga buɗaɗɗiyar sama. Na biyu, ya bar ƙofa a buɗe, ya ɗaga gindin tantin daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, ko da zai ɗan ji ɗari. Na uku, jiƙaƙƙun kaya su kwana a waje ko a ƙulle cikin leda. Girki a ciki kuwa haramun ne, domin ban da tururi, hayaƙin risho a rufaffen wuri yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Duk da haka akwai daren da dabara ba ta ci, musamman in hazo ya sauka. Don haka ne a ke ajiye ɗan tsumma kusa da kai na goge bango, in rana ta take kuma a shanya tanti da jakar barci a kan dutse lokacin cin abinci. Wanda ya zaɓi bango ɗaya ya sauke nauyi daga gadon bayansa ne ya ɗora wa hankalinsa, kuma kowace yamma sai ya dubi ƙasa ya dubi sama kafin ya buga turke na farko.