Ina Azara Ta Fi Shan Wuya? Lissafin Da Muke So Mu Mayar Manhaja

A wannan fitowar ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta ta zo da wata shawara. Muna son ɗaliban kimiyya su haɗa kai su rubuta ƙaramar manhaja da Hausa, wadda za ta riƙa lissafa inda azara ko katako ko bim ya fi jin nauyi. Kafin ku ce wannan aikin 'yan jami'a ne, ku karanta har ƙarshe.

Duk abin da aka gicciya a kan ginshiƙai biyu aka ɗora masa kaya sai ya lanƙwasa, ko ido ya gani ko bai gani ba. Haka azarar soro take, haka lintar saman ƙofa, haka bencin da muke zama a aji, haka gadar da motocin albasa suke bi daga Aliero zuwa Jega. Maginan gargajiya sun san wannan tun da daɗewa. Shi ya sa ba sa barin azara ta yi dogon zango babu tallafi, kuma idan ɗaki ya yi faɗi sai su yi masa bakan gizo, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Su da ido da gogewa suke aunawa. Injiniya kuwa da alƙalami yake aunawa, kuma tambayarsa biyu ce: a ina ƙarfin lanƙwasa ya fi yawa, kuma nawa ne shi?

Ga misali. Mu ɗauki katako mai tsawon mita 4, an ɗora bakinsa biyu a kan bango. An ajiye buhun albasa mai kilo 100 a mita 1 daga hagu, da wani buhun mai kilo 60 a mita 3. Bangon da ya fi kusa da buhu shi ya fi ɗaukar nauyinsa. Daga buhun farko, bangon hagu ya ɗauki kilo 75, na dama 25. Daga na biyu, hagu ya ɗauki 15, dama 45. Ke nan hagu yana riƙe da 90, dama yana riƙe da 70, jimla 160, daidai da nauyin buhunan. Mun bar nauyin katakon kansa don misalin ya yi sauƙi, kuma mun yi amfani da kilo, alhali injiniyoyi da niyuton suke lissafi.

A tsohuwar hanya, sai an yanka katakon gida uku a takarda: kafin buhun farko, tsakanin buhunan, da bayan na biyu. Kowane yanki da nasa lissafin. Idan kuma ana son sanin yawan lotsawar katakon, kowane yanki zai haifar da lambobi biyu da ba a sani ba, wato shida ke nan da za a nemo. Buhu goma fa? Takarda sai ta ƙare kafin lissafi ya ƙare.

A nan dabarar take shigowa. Wani masanin lissafi Bajamushe, Alfred Clebsch, ya nuna hanyar a 1862, sannan W. H. Macaulay na Jami'ar Kambrij a Ingila ya fito da ita fili a 1919, har ta ɗauki sunansa. Kada a rikita shi da Herbert Macaulay na darasin tarihin Najeriya. Dabarar ita ce wata baka mai kusurwa, ⟨ ⟩, mai doka guda: idan abin da ke cikinta ya gaza sifili, a ɗauke ta sifili, idan ya kai ko ya wuce, a yi aiki da shi yadda yake. Kamar makunnin fitila take. Tana kashe har sai ka iso wurin da kayan yake, sannan ta kunnu. Masu nema a intanet za su same ta da sunan singularity functions.

Da wannan baka, katakon namu duka ya shiga layi ɗaya. Idan x shi ne nisa daga bangon hagu:

Ƙarfin lanƙwasa = 90x − 100⟨x − 1⟩ − 60⟨x − 3⟩

Ku ɗauko biro ku gwada. A mita 1, baka ta farko sifili ce, ta biyu kuma a kashe take, amsa 90. A mita 2, 180 a cire 100, saura 80. A mita 3, 270 a cire 200, saura 70. A mita 4, 360 a cire 300 a cire 60, saura sifili, kuma haka ya kamata, domin bakin katakon da ke kwance a bango ba ya jin lanƙwasa. Da yawanmu za mu yi zaton tsakiya ce ta fi shan wuya. Lissafi ya nuna ƙarƙashin babban buhun ne. Idan katakon yana da ƙulli ko gara ta ci shi a daidai nan, ga inda haɗari yake. Sannan lambobi shidan nan da ba a sani ba sun koma biyu kacal, komai yawan buhunan.

Layi irin wannan kwamfuta take so, domin dokar bakar umarni ɗaya ne: in kaza ne yi kaza, in ba haka ba sa sifili. Ɗalibin da ya yi makonni kaɗan yana koyon yaren Python zai iya rubuta shi.

Kuma ɗalibai sun riga mu. Akwai wata manhajar lissafi mai suna SymPy, wadda aka rubuta da Python. A 2016 wani ɗalibi daga Indiya ya gabatar da shawarar sa wannan baka a cikinta, ƙarƙashin shirin Google Summer of Code, wanda kamfanin Google ya fara a 2005 don tallafa wa ɗalibai masu irin wannan aiki. An karɓa, ya yi, kuma har yau sashen lissafin bim yana cikin SymPy, kowa na ɗauka kyauta. Linux ma, wanda tsarin Android na wayoyinmu ya ginu a kansa, ɗalibi ne ya fara shi, Linus Torvalds, a Jami'ar Helsinki a 1991.

Irin waɗannan ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Ma'ana, rubutun da aka gina ta da shi a fili yake. Kowa na iya karantawa, ya gyara kuskure, ya ƙara abu, ya ba wani. Wannan ne ya ja hankalinmu. Sau nawa 'yan ajin ƙarshe suke yin aiki mai kyau, su gama jarrabawar WAEC da NECO su tafi, aikin ya bi su ko ya ruɓe a kwali? Buɗaɗɗen aiki gado ne. Na baya sai su ɗora daga inda na gaba suka tsaya.

To, idan SymPy ta riga ta yi, mu me za mu yi? Tata da Turanci take, kuma sai wanda ya iya rubuta umarni yake cin moriyarta. Tamu za ta yi tambaya da Hausa: tsawon katakon nawa, kaya nawa ne, a ina aka ajiye su? Sai ta ba da amsa da Hausa. SymPy kuma ta zama ma'aunin da za mu riƙa duba amsarmu da shi.

Ga yadda muke ganin za a raba aikin a zango uku. A zangon farko, masu son lissafi su warware misalai goma da hannu a littafi guda, malamin lissafi da na fiziks su duba. A na biyu, masu son kwamfuta su rubuta manhajar. Ba dole sai da kwamfuta ba, domin akwai manhajoji irin su Pydroid da ke gudanar da Python a wayar Android. A na uku a yi gwaji: a gicciya rula a kan bulo biyu, a rataya mata nauyi, a auna lotsawarta. Lissafi ya ce idan aka ninka tazarar bulon sau biyu, nauyin yana tsakiya, lotsawar za ta ninku sau 8. Mu gani da idonmu. 'Yan ajin adabi su ma da aikinsu, su za su zaɓo kalmomin Hausa su rubuta jagorar amfani. A ƙarshe a ajiye komai a GitHub, a kuma bar kwafi a takarda a wurin malamin da ke kula da ƙungiyar.

Muna roƙon hukumar makaranta ta rubuta wa Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko za a samu malami ko ɗalibin injiniya da zai duba mana aikin. Tana nan kusa da mu, bai kamata mu riƙa ganin ta daga bakin titi kawai ba.

Gargaɗi guda, kuma da babbar murya: wannan manhaja ta koyo ce. Kada wani ya ɗauke ta ya je ya zuba dakin ko ya rage rodi a ginin gidansu. Ginin gaske yana buƙatar sanin ƙarfin siminti da rodi da yanayin ƙasa, kuma aikin injiniya mai rajista da hukumar COREN ne. Abin da muke nema shi ne ranar da ɗayanmu zai zama wannan injiniyan, ya zamana tun daga nan Liba ya fara.

Duk mai sha'awa, mace ko namiji, daga aji huɗu zuwa shida, ya rubuta sunansa a takardar da ke ƙasan wannan allo kafin ranar Juma'a. Ga kuma tikitin shiga: a misalinmu, a mayar da babban buhun zuwa mita 2, a nemo inda katakon ya fi shan wuya da yawan ƙarfin. A kawo amsa a ofishin ƙungiya. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.