Maganin hana zubar furen mangwaro: a gwada kafin a yarda

A garake na Dallol Mawri, daga Matankari da Dogon Dutsi har Kore Mai Ruwa, Tibiri da Gesheme, mangwaro yana fure cikin hunturu. Itace yakan cika da fure, amma kafin bazara mafi yawa sun zube. Cikin fure 100, da wuya 1 ya zama ɗa nunanne. Zubar wasu halin itacen ne. Ƙishirwa, busasshiyar iska da ƙwari suna ƙara ɓarnar.

Mine ne wannan magani?

Kowace shuka tana yin wasu sinadarai cikin jikinta. Su ne ke umurtar ta ta yi tsawo, ta yi fure, ta riƙe ɗiya. Ɗaya daga cikinsu sunansa birasinolid. Masana na ma'aikatar gona ta Amurka suka gano alamarsa a 1970, cikin garin furen kolza, wata shuka dangin kabeji. A 1979 suka tace shi. Sun yi aiki da garin fure kilo da yawa, amma abin da suka samu bai wuce nauyin ƙwayar hatsi ba.

Yanzu ana haɗa irinsa a masana'antu, kamar a Sin da Indiya.

Amfaninsa

An gwada shi ga inabi, lemu, mangwaro da tumatir. Idan aka fesa lokacin fure, yakan taimaki itace ya riƙe ɗiya. Ɗiyan sukan ƙara girma. Yana kuma taimakon shuka ta jure zafi da ƙarancin ruwa. Amma sakamako ba ɗaya ba ne ko'ina. Wani wuri amfani ya ƙaru, wani wuri ba a ga bambanci ba.

Abin lura

Wannan magani ba taki ba ne. Ba ya kashe ƙwari. Ba ya maye gurbin ban ruwa. Kamar tsumagiya yake ga jaki: tana sa ƙosasshe sauri, amma ba ta ciyar da mai yunwa. Saboda haka a fara da takin gida, ban ruwa kan lokaci da sare busassun rassa.

Kaɗan ƙwarai ake sawa cikin ruwa. Idan ya yi yawa, yana hana saiwa girma, kuɗi kuma sun tafi banza.

Yadda za a gwada

1. A nuna wa malamin gona kwalbar kafin a saya. Shi zai duba ko kwamitin tantance magungunan gona na ƙasashen Sahel, wato CSP, ya yarda da ita. Kada a sayi kwalba marar takarda a kasuwa.
2. A zaɓi itace 6, iri ɗaya, shekaru ɗaya. A fesa wa 3, a ɗaura musu tsumma. A bar 3.
3. A bi awon da aka rubuta. A fesa da safe ko da marece, lokacin da babu iska. A rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu.
4. Duka 6 a ba su ruwa da taki daidai.
5. Ranar tsinka, a ƙirga kwandunan kowane itace, a rubuta cikin littafi.

Idan kuɗin ƙarin kwanduna ya fi kuɗin magani, akwai riba. In bai fi ba, a bar shi. Wanda ya iya karatu da lissafi, ɗan kasuwa ba ya ruɗinsa da daɗin baki.