Kurayen Harar Masu Cin Aljanu

A ƙasar Hausa kura ba ta da mutunci. Tatsuniya ta mai da ita sakarya mai kwaɗayi wadda Gizo ke yi wa wayo kullum, masu karin magana kuma suka ce in da kura na maganin zawo da ta yi wa kanta. Amma a Harar, tsohon birnin Musulmi da ke gabashin Habasha, kura ma'aikaciya ce. Da dare take fita aiki, ta kwashe mushe da ƙasusuwan mahauta, ta kuma raba garin da aljanu, in ji mutanen wurin.

Sarki Nur ɗan Mujahid ne ya kewaye Harar da ganuwa a ƙarni na 16, bayan an kashe jagoran mayaƙan garin, Imam Ahmad, a fagen yaƙi a 1543, abokan gaba suka taso wa birnin. Shi kansa Nur annoba ce ta ɗauke shi a 1567, bayan wata yunwa mai tsanani. Garin da ya sha irin wannan wuya, ga lunguna matsattsu, ga masallatai 82 da wuraren ziyarar waliyyai 102, ai ba ya rasa labarin mutanen ɓoye. A jikin ganuwar akwai ƙananan kafofi, ta nan kuraye ke sulalowa in gari ya yi tsit, kuma ba wanda ke ɗaga musu sanda.

Mutanen Harar sun ce kura na ganin abin da idon ɗan Adam ba ya gani, in ta riski aljani sai ta haɗiye shi. Shaidarsu ita ce dunƙulen gashi da kofato da take amayarwa, wai ragowar wanda ta cinye ke nan. Masana dabbobi na da nasu bayanin: cikin kura na narkar da ƙashi sarai, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat, amma gashi da kofato sun fi ƙarfinsa, dole ta dawo da su.

Kuma ba matsoraciyar da ake faɗa ba ce. A dawa yawancin abin da take ci ita ke farautarsa. Mace ta fi namiji girma, ita ke shugabancin garke. Cikinta kwana 110 ne ko kusa da haka, ta haifi 'ya'ya idonsu a buɗe, da haƙoransu.

Akwai ma alkawari tsakaninta da birnin. An ce a wata shekarar fari kuraye suka addabi jama'a, sai wani bawan Allah ya yi mafarkin a ba su tuwo. Har yau ranar Ashura akan ajiye musu tuwo da man shanu a wasu wuraren ziyara. In suka ci da yawa, shekara za ta yi albarka. In suka ƙi taɓawa, hankali ya tashi.

Bahaushe ya san kura da takunkumi da sarƙa, har ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A bayan ganuwar Harar kuwa, mai ciyar da su yakan zauna ƙasa da kwandon nama, ya kira kowace da sunanta, ya miƙa mata tsoka a ɗan tsinken da ya riƙe da baki, baƙi na ɗaukar hoto suna biya. Can ma mutum ne ke karɓar kuɗin, sai dai kurar ta ƙoshi, kuma ba wanda ya doke ta.