Gonar Aro: Baƙon Manomi a Ƙasar Maraɗi

Wanda ya ƙetara iyaka daga Sabon Birni ko Isa ya sauka a Gidan Rumji ba ya neman tafinta. Gobiranci ne a bakin kowa, fura ce da rana, tuwon gero da dare. Sabon Birnin ma 'yan sarautar Gobir ne da suka ɓalle daga Tsibiri suka kafa ta a tsakiyar ƙarni na 19, kuma Tsibirin nan a yau cikin gundumar Gidan Rumji take. Shi ya sa ake ɗauka cewa manomin Najeriya da ya koma can da zama bai yi wani baƙunci ba. Sai ranar da ya saɓa sungumi yana neman inda zai zuba iri, sannan yake gane matsayinsa.

Tun daga 2019 maganar ta wuce ta mutum ɗaya ko biyu. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma a watan Mayun shekarar hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 20,000 sun shiga jihar Maraɗi. Kafin ƙarshen Satumba an haura 40,000. Maimakon a kafa musu sansani a keɓe, sai aka janye wasu daga bakin iyaka aka zaunar da su gefen ƙauyukan Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, su sha ruwa ɗaya da 'yan gari, yaransu su shiga aji ɗaya. Galibinsu manoma ne. Manomi kuwa ko an ba shi buhun abinci, in hadari ya haɗo gabas hankalinsa ba ya kwanciya.

Ƙananan abubuwa ba sa daɗewa ana saba musu. A kasuwa da dala ake lissafi, tamma biyar-biyar ke nan, saboda haka in mai gero ya ce tiya ɗari ce, sefa 500 yake nufi. Baƙo ya ruɗe a kasuwa ta farko, ta biyu ya iya. Takardar hukuma da Faransanci take zuwa, wannan ma akwai mai karanta maka. Wuyar tana ga ƙasa.

Kudancin Maraɗi na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Nijar. A Agiye da Gazawa da Gidan Rumji daji ya ƙare tuntuni, gona ta haɗe da gona, saura ta zama labari. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, har mata da samari a wasu gidajen sun rasa gamanar da a da ake yanka musu. A irin wannan wuri baƙo ba shi da gado, saye kuma sai mai ƙarfi. Abin da ya rage masa haya ne, ko jingina in yana da ɗan abin hannu, ko kuma aro, wanda shi ya fi yawa, domin mutanen yankin ba su da rowa ga wanda masifa ta koro.

To amma zanen aro ba ya rufe katara. A al'ada mai gonar aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, don duk biyun alamar mallaka ce, kuma mai gona ba zai so jikokinsa su tashi su tarar da gardama ba. Ba kuma mafi kyawun gonarsa mutum yake arawa ba. Jigawar da ta gaji ce, mai nisa da gari. Baƙo ya yi ta jigilar taki a amalanke, damina ɗaya, biyu, gero ya fara yin kai, sai mai gona ya zo da fara'a ya ce ɗansa ya yi aure, yana bukatar wurin. Bai yi zalunci ba, gonarsa ce. Amma duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ba ya sake zuba wa gonar aro taki.

Abin ya fi ciwo a nan fiye da wasu wurare, saboda noman yankin a kan itace ya dogara, kuma wani baƙon ne ma ya taimaka aka farga. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, aikinsa dashen itatuwa. Ya yi ta dasawa, rana da iska da awaki suna cinyewa. A 1983, yana hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya yashi, sai ya lura da ɗan tsiron da ake sassabewa kowace bazara. Ashe ba ciyawa ba ce, kututturen itace ne da saiwarsa ke raye a ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoma ke kira sassaben zamani, ba ta cin ko dala: a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ka zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka rage ƙananan rassan gefe, ka hana dabba da mai gatari. Saiwar da ta riga ta yi zurfi ita za ta yi sauran aikin.

Da farko dariya aka yi masa, don a wancan zamani gona mai tsabta, wadda babu ko tsinke, ita ce shaidar manomin kirki. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa: aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tsiro a gona. Da rabon ya ƙare da yawa suka sare, amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki, ga 'ya'yan gawo na dabbobi. A Ɗan Saga ta gundumar Agiye, inda ayyukan asusun bunƙasa noma na duniya, FIDA, suka daɗe, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata a ciki da makiyaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, kuma a 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Ni dai abin da ya fi burge ni a labarinsa ba lambar ba ce; mutum ne da ya zo da iliminsa a aljihu, ya yarda ya ajiye shi ya duba abin da ke gabansa. Sai dai ba shi da damuwar wa zai gaji itacen. Ɗan gudun hijira yana da ita, domin gawo ba ya biyan wahala a damina ɗaya.

Saboda haka da yawa suke komawa ƙwadago. Akwai barema lokacin noman fari da maimai, akwai kuma aya, wadda Agiye da Cadawa da Gazawa suka yi suna a kanta. Girbinta aiki ne na ƙura: a ƙone ganyen, a tone ƙasa, a yi ta tankaɗe yashi da rariya har aya ta rage. Mata kan bi baya suna kala. Ana samun na cefane, amma ba ya cika rumbu.

Akwai hanyar da mutane ba su cika bi ba, alhali tana nan. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanadi hukumomin ƙasa, waɗanda ake kira COFO, daga gunduma zuwa ƙauye, kuma suna rubuta takardar aro da haya da jingina, ba ta saye kaɗai ba. Mutanenmu na jin nauyin neman takarda a kan alheri, kamar an ce ba a yarda da mai kyautar ba. Amma takardar ta fi kare mai gona, tunda ta tabbatar aro ne, ba kyauta ba, kuma mai gonar da hankalinsa ya kwanta shi ke iya ara wuri na shekara biyar maimakon ɗaya. A gaban maigari da shaidu za a faɗi shekara nawa, da dami nawa za a kai wa mai gona in akwai, da wa ke da kara da harawa bayan girbi, da kuma wa zai ci rassan itatuwan da baƙon ya yi renonsu kafin wa'adi ya cika.