Tantani da Makarɓi: Kalmomin Bayanin Maganin Zubar Jini Bayan Haihuwa

1. Matsala

A ƙauyukan Gangara da sauran karkarar jihar Maradi, mata da dama hannun ungozoma suke haihuwa. Misoprostol na cikin magungunan da ake kare zubar jini bayan haihuwa da su. Ƙwaya ce da ba ta bukatar firiji, saɓanin allurar ositosin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna domin wannan aiki a 2011. Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci suna bukatar kalmomin da za su bayyana aikinsa daidai.

2. Yadda yake aiki

Kowace ƙwayar halitta tana cikin wani lulluɓi na maiƙo mai ruɓi biyu, wanda sunadaran furotin ke yawo cikinsa, kamar yadda Singer da Nicolson suka bayyana a 1972. Daga maiƙon nan jiki yake ƙera furostagilandin, wato ɗan aike mai kai saƙo ga ƙwayoyin da ke maƙwabtaka. Von Euler na ƙasar Suwidin ya raɗa masa suna a 1935. Na jiki ba ya daɗewa yake lalacewa. Misoprostol kwaikwayonsa ne da aka haɗa a 1973, an sauya masa gini don ya jure.

Ba ya fasa lulluɓin. Yakan kama wani furotin da ke jikinsa, shi kuwa furotin ya isar da saƙo ciki, kalsiyom ya ƙaru, naman mahaifa ya tsuke, ya matse jijiyoyin da ke zubar da jini.

3. Kalmomi

Ga lulluɓin, "tantani" ya fi "fata", domin "fata" tana nuna kauri, kuma tana kai hankali ga fatar jiki. Ga furotin mai amsar saƙo, "makarɓi" ya dace da tsarin ma-...-i, kamar "mabuɗi". "Ƙofa" ba ta dace ba, tun da ba ta nan maganin yake shiga ba.

Kalma mafi haɗari ita ce "mahaifa", wadda ake kiran mazaunin ɗa da ita, ake kuma kiran abin da ke biyo bayan haihuwa. Ya kamata a keɓe "mabiyiya" ga na biyun. Haka kuma kada a rubuta "maganin haihuwa": in mace ta sha ƙwayoyi 3 na mikrogiram 200 ɗa yana ciki, mahaifa tana iya fashewa. Abin da za a rubuta shi ne "maganin bayan fitowar ɗa", a ƙara da umurnin tabbatar da cewa babu tagwai.