KUNUN YARO: DAGA WATA SHIDA NONO YANA NEMAN MATAIMAKI

Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Oktoba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma zazzaɓin sauro ya yawaita, gidajen likita na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan cika da yara masu fama da tamowa. Mafi yawansu ƴan tsakanin wata 6 ne da shekara 2. Talauci yana da hannu a ciki, babu shakka. Amma sau da yawa za ka tarar da yaron ya fito daga gidan da ake cin tuwo kullum. To, ina matsalar take? Tana wajen lokacin da aka fara ba shi abinci, da irin abincin.

Kada a yi gaggawa, kada a makara

A da likitoci sukan ce a fara ba jariri abinci tsakanin wata 4 da wata 6. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara cewa nono zalla za a ba shi har ya cika wata 6, ba ruwa, ba bauri, ba kunu. Nonon uwa kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, saboda haka ko a zafin bazara yana kashe ƙishirwar jariri. Ruwan randa da jiƙe-jiƙe kuwa su ne ke shigo masa da zawo.

Da ya cika wata 6 sai zance ya sake. Jikinsa ya girma, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da aka haife shi da shi ya kusa ƙarewa, nono kaɗai ba ya isarsa. Wannan ba yaye ba ne. Daga wata 6 zuwa shekara 1 nono yana biyan rabin bukatarsa ko fiye, daga nan zuwa shekara 2 kuma kusan sulusi. Abinci mataimaki ne, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, kamar yadda addini ma ya kwaɗaitar.

Tsinkakken kunu yaudara ne

Cikin yaro ɗan wata 8 bai wuce ya ɗauki kofi ɗaya ba, wato wajen rubu'in lita. Idan aka cika shi da tsinkakken koko ko farau-farau, ruwa aka ba shi. Zai yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali jikinsa bai samu abin gina kansa ba. Ga ma'auni mai sauƙi: a ɗebi kunu a cokali a karkata shi. Idan ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Ya kamata ya tsaya, ya sauko a hankali.

Gero shi kaɗai ma bai wadatar ba. A haɗa garinsa da garin soyayyen wake ko waken soya, da garin ƙuli-ƙuli ko tunkuza, a ɗiga cokalin man gyaɗa. Kan wannan haɗi aka gina garin Misola, wanda aka fara yi a Fada Ngurma ta Burkina Faso a shekarar 1982 da gero da soya da gyaɗa. Uwa tana iya yin irinsa da turminta. Sai dai a tsince gyaɗa sosai, a zubar da wadda ta yi fumfuna, domin tana da dafi mai lalata hanta.

Bayan kunu, a murƙushe masa dafaffen ƙwai, hanta, kifi da aka cire wa ƙaya, kabewa, dankali, ganyen zogale, gwanda ko mangwaro. Camfin da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe, yaron kawai ake cuta.

Sau nawa a yini?

Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a yini. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ware masa kwanonsa, don idan ya sa hannu tare da yayyensa ba wanda zai san abin da ya ci. A bar ɗura, wato toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu, domin yana iya shaƙewa. Idan ya ƙi sabon abinci, a sake gwadawa wata rana, da haƙuri da wasa.

A wanke hannu da sabulu, a ba shi da kofi da cokali, kada a ba shi kunun da ya yini a buɗe. Zuma sai ya cika shekara 1, gyaɗa guda-guda kuma tana iya maƙale masa. Idan yana zawo ko zazzaɓi, kada a hana shi nono ko abinci.

Magidanta, wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Kuɗin shayin majalisa na yini ɗaya ya isa ya sayi ƙwai da tunkuza. Kakanni kuma, ku da ake jin maganarku a cikin gida, ku taimaka kada a cire yaro daga nono dare ɗaya don uwarsa ta samu ciki, nononta bai lalace ba. A riƙa kai shi awo gidan likita, idan nauyinsa ya tsaya a nemi shawara tun da wuri.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.